Girar da Ta Daina Magana

A gidanmu da ke Cheetham Hill, a birnin Manchester, ana kirana Baban Nuru, alhali Nuru ba shi ne babba ba. Zinatu ta ba shi shekara huɗu. Sai dai ita 'yar fari ce, kuma a garinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya tambayarsa abin da ke ransa. Haka mahaifina ya yi da yayanmu har ya koma ga Allah, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ya son sa. Da na tashi zuwa Ingila na haɗo wannan kunyar cikin kayana. Matata Ramatu, wadda aikinta na jinya ne ya kawo mu ƙasar, ta ce ita tata kunyar a filin jirgin Kano ta bar ta, saboda an ce kaya sun yi nauyi.

To uban da ba ya tambaya dole ya nemi wata hanyar sani. Tawa hanyar ita ce girar Zinatu ta hagu.

A farkon girar nan, wajen da ta doshi karan hanci, akwai wasu 'yan silin gashi da ba sa kwanciya kamar sauran. In hankalinta a kwance yake, sukan ɗan karkata gefe. In wani abu na cin ta, sai su miƙe tsaye kamar tsiron gero. Tun tana rarrafe na gane haka. Da su na san maƙogwaronta zai kumbura tun kafin GP, likitan unguwa, ya sani. Da su na gane wata yarinya na tsokanarta a firamare saboda kitsonta. Na ce wa Ramatu, "Ki binciki yarinyar nan, akwai magana a makaranta." Ta bincika, ta tarar da magana. Haka muka taho har ta girma: ni in karanta, Ramatu ta tambaya, a dawo mini da amsa. Ban taɓa ganin aibin tsarin ba.

Sai Zinatu ta tafi Birmingham karatun ungozoma. Shekarar farko ba laifi, tana zuwa gida a kai a kai, ina duba abin dubawata ina samun natsuwa. A shekara ta biyu aka fara tura su asibiti aikin gwaji, zuwanta ya ragu. Wata Asabar cikin Nuwamba ta zo, ta durƙusa ta gaishe ni a falo. Na amsa ina kallon talabijin kamar yadda ya kamata, sannan na saci kallonta.

Girar ba ta nan. Wato akwai gira, har ma ta fi ta da yawa: baƙa wuluk, mai kauri, an ja ta da jagira an daidaita kamar da ma'auni, ta dama da ta hagu ba bambanci. Amma 'yan silin nan nawa babu su, an binne su ko an share su, ban sani ba.

Da muka zauna cin tuwo na gwada ta. Na ce wa Nuru, da ƙarfi yadda za ta ji, na yanke shawarar fara gudun motsa jiki kowace safiya kafin in tafi aiki. Nuru ya ƙware da miya. Ramatu ta dubi tumbina ta ci gaba da cin abincinta. Zinatu ta ce, "Allah ya taimaka, Baba," fuskarta sumul. A da can, da girar hagu ta tashi har ta kusa shigewa cikin ɗankwali.

Washegari, bayan Nuru ya raka ta tasha, na sami Ramatu a kicin tana wanke tukunya.

Na ce, "Yarinyar nan lafiya take?"

"Wace yarinya? 'Yan mata sun yi yawa a Manchester."

"Kin san wadda nake nufi."

"Ai ka gan ta da idonka."

"Ban gan ta ba. Fenti na gani."

Ta kife tukunyar, ta goge hannu da gefen zaninta. "Baban Nuru, tun da aka haifi yarinyar nan nake yi maka aikin tafinta. Gwamnati ta daskarar da albashinmu a asibiti, kai ma ba ka taɓa yi mini ƙarin girma ba. Na ajiye aiki."

"Wato kin san wani abu."

"Na sani ko ban sani ba, ba daga bakina za ka ji ba. Tana jin Hausa, tana jin Turanci. Ka zaɓi ɗaya."

Na tsura mata ido ko zan tsinci wani abu. Ina fa. Matar da ta shekara da shekaru tana soka wa mutane allura tana ce musu ba zafi, me za ka karanta a fuskarta?

Ina aiki ne a wani sito na 'yan sari a nan unguwarmu, inda masu shaguna ke zuwa sayen kayan kwalliya kwali-kwali. Da hannuna nake jera kwalayen jagira, ban taɓa tunanin wata rana za su shigo mini gida su rufe mini ido ba. Mai kula da odar kaya wata Baturiya ce, Alice, 'yar asalin Manchester, mai surutu da kirki. Girarta siririya ce, an zana ta can saman goshi, ta lanƙwasa kamar jinjirin wata. Na daɗe ina zaton mamakina take yi, har nakan duba rigata ko na saka maɓalli ba daidai ba. Daga baya ta gaya mini tun tana budurwa ta tsige tata don yayi, ba ta kuma sake fitowa ba.

Ranar Litinin, lokacin hutun shan shayi, na kwashe labari na gaya mata. Da Baturiya ba na jin kunyar maganar 'yar fari, tunda ba ta san akwai abin kunya a ciki ba.

Ta ce, "Yayi ne kawai, Rabe. Duk 'yan mata haka suke yi yanzu. In girar ta zauna daram sai su ce on fleek."

Na ce ni ba kyanta ne ya dame ni ba. Fuskar ce ta daina gaya mini komai.

"To poker face ke nan." Ta bayyana mini cewa fuskar mai caca ce, wanda ba ya so a gane katin da ke hannunsa.

Na ce, "'Yata ba ta caca."

Ta yi dariya har shayi ya zuba mata a takarda. Ajin Turancin da nake zuwa a laburaren unguwa, council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe shi muna tsakiyar sassan jiki. Mun yi kai, mun yi ido, mun yi hanci, ba mu kai ga abin da fuska ke aikatawa ba. Alice ta ɗauki nauyin ƙarasa mini darasin a wajen. Ta ce in mutum ya haɗe gira, frown ne. In ya murtuke kamar zai kai duka, scowl. In ya yi murmushin gefen baki irin na wanda ya san abin da ba ka sani ba, smirk. Hararar gefen ido kuma side-eye. Kowanne sai ta gwada mini da fuskarta, amma saboda girar nan tata, dukansu sun fito kamar matar da aka ce mata ta ci kyautar mota.

Na ce mata mu ma muna da namu: harara, yatsina, taɓe baki, turɓune fuska. Na gwada mata taɓe baki. Ta ce a Turanci ba ta san sunansa ba, amma ta san shi, surukarta ta ƙware a kai.

Sai ta shiga juya kofi a hannu. "Akwai kuma brave face," in ji ta. "Wannan ita ce fuskar da mutum ke ɗaurawa in cikinsa na ƙuna amma ba ya so na kusa da shi su sani. Lokacin da aka sallami mijina daga aikin council, wata da watanni ita nake sawa a gaban yara."

Na ce, "To yaya ake bambanta ta da ta mai caca?"

"Tambayarta za ka yi mana."

A nan na tabbatar matan duniya bakinsu ɗaya, fari da baƙi.

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. In ina jera kwali sai in ga ta faɗi jarrabawa tana ɓoyewa. In ina cikin bas sai in ga wani saurayi ne mara mutunci. In na kwanta sai in ga ciwo ne, irin wanda ake gane shi a makare. In ta kira uwarta a waya ta bidiyo, nakan gitta ta bayan kujera kamar ina neman caja. Wata rana Ramatu ta juyo da wayar ta saita ni.

Zinatu ta ce, "Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya karatu?"

"Alhamdu lillahi."

"To madalla."

Ramatu ta karɓe wayar ta ce, "Kin ji doguwar hira. Allah ya sa kuɗin wayarki bai ƙare ba."

Dabarar ta zo mini ne a masallaci, ranar Juma'a, ina tsugune ina alwala. Na watsa ruwa a fuska, na shafa daga goshi zuwa haɓa, sai na tsaya da hannu a gemu har na bayana ya yi gyaran murya. Duk mai salla sai ya wanke fuska. Duk kaurin jagira, ruwa ya fi ta. Abin da nake bukata kawai in kasance a wurin tsakanin alwala da madubi.

A lokacin an rage mana kwanakin aiki a sito, Laraba ta zama tawa. Ramatu kuma, tana magana da bango, ta ce wai Zinatu ba ta da aiki ranar Laraba mai zuwa. Na je Rusholme wajen wata mata 'yar Zariya da ke yin dambun nama a gida, na sayo, na haɗa da yaji da kuka da kuɓewa busasshiya. Na ce wa Ramatu kayan miya zan kai, kada su lalace.

Ta ce, "Busasshiyar kuɓewa ce za ta lalace?"

"Akwai danshi a ƙasar nan."

"To a sauka lafiya. Ka gaishe ta. Da baki."

Na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, na sake hawa ƙarami zuwa Edgbaston. Sanyin Disamba ne, sama ta yi toka-toka, ana yayyafi irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya gama raina shi. Flat ɗinta na hawa na biyu a wani tsohon gida da aka yayyanka wa ɗalibai. Na daidaita isowata da shigar Azahar.

Ta buɗe ƙofa cikin doguwar riga da safa. "Baba? Lafiya? Mama fa?"

"Kowa lafiya. Hanya ce ta biyo da ni."

"Daga Cheetham Hill?"

"Ga saƙo."

Ta karɓi ledar ta matsa na shiga. Ranar hutu ce, ba inda za ta je, amma girar na nan a zaune, baƙa, a shirye kamar soja a bakin ƙofa.

Na zauna a kujera ɗaya tilo da ke ɗakin, ita ta zauna a bakin gado. Na dubi agogo na ce, "Azahar ta yi. Sai a yi alwala."

"Ina da alwala, Baba. Ga banɗaki nan a hannun dama."

Na shiga na yi tawa. Na ja mu salla, tana bayana. Da na sallame na zauna ina tasbihi, a nan lissafin da ban yi ba ya faɗo mini. A hunturun Ingila, Azahar da La'asar da Magariba a manne suke da juna. Mai ƙoƙari da alwala ɗaya zai kwashe su duka.

Amma tunda na zo, na zo. Na ce, "Akwai shayi a gidan nan?"

Ta dafa ta kawo mini kofi ɗaya.

"Naki fa?"

"Na sha da safe."

"Ba na shan shayi ni kaɗai."

Wannan ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce, don duk tasowarta ni kaɗai take gani ina shan shayi a gaban talabijin. Ta dai haɗo nata. Ta riƙe kofin da hannu biyu tana ɗumama tafi, takan kai baki ta ɗan taɓa. Ni kuwa don in nuna misali na shanye nawa tas, na ce a ƙaro.

Hira ba ta zo ba. Na tashi na duba taga, na ga baƙin danshi a kusurwa, na ce a gaya wa mai gida. Na taɓa hita na tambaya ko tana aiki. Na murɗa famfo na rufe. Na danna na'urar hayaƙi da ke silin, ta yi ƙara, wata yarinya daga ɗakin kusa ta leƙo ta koma. Duk abin da uba zai iya tambayar ɗaki na tambaye shi, ɗakin kuma ya amsa.

La'asar ta shiga.

Na ce, "Sai a sake alwala."

"Har yanzu ina da ita, Baba."

Ni kuwa tawa ta daɗe da tafiya. Na shiga banɗaki, na fito ina tsane hannu. Muka yi salla. Na ce a ɗora wani shayin, kuma a wannan karon a yi shi a babban kofi. Kafin rana ta yi ja na sake ziyartar banɗakin nan har na san wane tayil ne ya tsage. Nata kofin na farko yana nan da saura.

Da na fito a karo na ƙarshe na tarar ta ajiye kofin a ƙasa, ta harɗe hannu.

"Baba, Mama ba ta barin ka ka sha fiye da kofi ɗaya saboda hawan jini."

"Sanyi ne."

"Fuskata kake so ka gani."

Na dubi kafet. Kafet ɗin ma yana bukatar wanki.

Ta ce, "Tun ina firamare na san girata kake kallo. Ni da Nuru har amfani muke yi da abin. In ba na son zuwa darasin ninkaya, sai in shafa yawu in tayar da gashin kafin in zo gaishe ka. Kafin a jima sai in ji kana ce wa Mama, yarinyar nan ba ta da lafiya, a bar ta a gida."

Na ɗago. "Ciwon maƙogwaron fa?"

"Wannan gaskiya ne."

"Yarinyar da ke tsokanar kitso?"

"Ita ma gaskiya ce. Ninkaya ce kawai. Da lissafi, wani lokaci."

Ban san ko in yi fushi ba ko in yi dariya. Ilimin da na ɗauka ni kaɗai Allah ya ba, ashe yara biyu sun daɗe suna juya shi da yawu.

Ta miƙe ta shiga banɗaki. Na ji ƙarar ruwa. Ta daɗe fiye da yadda alwala ke bukata. Da ta fito ta zo ta zauna, ba a bakin gado ba, a ƙasa kusa da ƙafata, inda hasken taga ke sauka, ta ɗago fuska.

Girar hagu, daga farkonta har tsakiya, babu gashi ko ɗaya. Fata ce kawai, ta ɗan yi ja. Ta dama ma ta yi gibi-gibi kamar gonar da awaki suka shiga.

Na duba wajen da na saba dubawa. Babu abin karantawa. Ramatu na Manchester. A ɗakin daga ni sai ita, kuma tana jira.

Na ce, "Me ya same ki?"

Ta sauke numfashi. "Ni nake cirewa. Ba da sani ba."

Ta gaya mini. A ɗakin haihuwar da aka tura ta ma'aikata sun yi kaɗan, mata sun yi yawa. Ita ɗaliba ce, amma wani lokaci sai a bar ta tsaye a kan mai naƙuda a ce ana zuwa. Babbar ungozomar da ke koya musu, mace mai kirki, abin da ta fara gaya musu shi ne mai naƙuda fuskarki take kallo, ba na'ura ba.

"Ta ce ko me kika gani, keep a straight face. Ba a ɗaga gira, ba a haɗe ta, ba a zare ido. In kin tsorata, ta tsorata. To haka nake wuni, Baba, fuska a riƙe. In na dawo na buɗe littafi, sai dai in ga gashi a kan shafi. Hannuna ne ke zuwa da kansa."

"An ga likita?"

"GP ta ce abin yana da suna, dogo ne. Ta ce damuwa ce ke kawo shi, kuma ana warkewa. Ta sa ni a layin ganin masu ba da shawara. Layin ya fi sunan tsawo."

"Uwarki ta sani?"

"Ta sani. Ni na ce kada ta gaya maka. Na san za ka hau jirgi."

"To ga shi na hau."

"Da kuɓewa."

Ta yi 'yar dariya, idonta ya kawo ruwa. Tambaya ta gaba ta fi sauran nauyi, don ina tsoron amsarta ta kowane gefe. In ta ce e, karatun da ta ƙwallafa wa rai tun tana sakandare ya tafi. In ta ce a'a, na bar ta a inda take tsige kanta.

Na ce, "Kina so ki bari? In kina so, ɗakinki na nan. Ba wanda zai ce miki komai. In wani ya ce, ni zai gaya wa."

Ta murza gefen sallaya. "Wasu ranakun ina so. Amma Baba, ba ka ga yadda suke fitowa ba. Kowane jariri da murtukakkiyar fuska yake zuwa, gira a haɗe, kamar kai in an ci ƙungiyarku ta ƙwallo a minti na ƙarshe. Sai a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, ka ga goshin yana sakewa a hankali. Ba na so in bar wannan."

"To me kike so?"

"Ina so in gaji in faɗa. A ce mini sannu. Ba tare da an ce in tattaro kaya in dawo gida ba, ba kuma tare da an kwana ba a yi barci ba saboda ni."

Sharaɗi na biyun ba a hannuna yake ba, ban kuma yi alkawarinsa ba. Na dai ce, "Sannu."

Ta sunkuyar da kai.

Na ƙara cewa, "Sannu da ƙoƙari. Allah ya yi miki albarka."

Ta ce amin da wata murya ƙarama, ta share fuska da hannun riga. Na juya na ci gaba da duba danshin taga har ta gama.

Muka yi Magariba, kowa da sabuwar alwala. Ta ce za ta raka ni tasha. Na ga ta tsaya gaban madubi ta ɗauki jagira, ta jujjuya ta, ta jefa a aljihun kot, ta jawo hijabi ta fito haka. Fitilun titi sun kama, ɗalibai na ta fitowa daga jami'a da jakunkuna a baya. Ba wanda ya kalle ta. Mutanen ƙasar nan ba sa kallon kowa, abin da ya daɗe yana ba ni haushi, amma ran nan na gode musu.

A tasha muka sami benci muka zauna, ledar da na zo da ita a ninke a hannuna. Allo ya nuna jirgina na gab da isowa.

Ta ce, "Akwai wata tambayar? Tunda an buɗe."

Akwai su da yawa, sun taru sun cushe a ƙofa, kowace na so ta riga fita. Wa take hira da shi a garin nan. Ko tana barci. Ko akwai wanda ke mata magana, in akwai ɗan gidan wa ne. Ta ƙarshen na mayar da ita baya, ba a fara gini daga rufi. Wadda ta samu fitowa ita ce mafi ƙanƙanta.

"In kin dawo daga aiki me kike ci?"

"Gaskiya ko ta waya?"

"Akwai ta waya daban?"

"Ta waya ita ce shinkafa da miya. Ita nake gaya wa Mama."

"Gaskiyar fa?"

"Biredi."

"Kullum?"

"Ba kullum ba. Wani lokaci ina gasa shi."

Jirgin ya shigo ya tsaya, ƙofofi suka buɗe. Mutane suka fita, wasu suka shiga. Zinatu ta miƙe ta ce, "Baba, jirginka."

Na gyara zama a kan bencin.

"Akwai wani a baya. Zauna. Biredi da me?"